Istanbul Ta Yi Tsada, Alkahira Na Kira: Ina Mai Shirin Hutu Zai Dosa?

Shekaru huɗu ko biyar da suka wuce, wanda ya sauka Istanbul da 'yan daloli a aljihu ji yake kamar shi ne mai garin. Lira na faɗuwa kullum, farashin kaya bai kamo ta ba, sai baƙo ya ci mai kyau, ya kwana a otal mai kallon teku, ya cika akwati da tufafi, ya koma gida da canji. Labarin da waɗancan matafiya suka bayar shi ne har yanzu yake yawo a bakin mutane, kuma da shi da yawa suke yin kasafin tafiyarsu. Sai sun isa su tarar gari ya canza. Istanbul ta yi tsada, tsadar da Turkawa da kansu suke kuka da ita. Shi ya sa masu shirin hutu suka fara waiwayar Alkahira, wadda ba a bar ta a baya ba wajen tarihi da masallatai da kasuwa, kuma tsakaninsu tafiyar awa biyu ce da 'yan mintuna a jirgi.

Kuɗin ƙasashen biyu duka sun sha kashi a 'yan shekarun nan, amma abin da hakan ya haifar a aljihun baƙo ya sha bamban. A Masar fam ya faɗi da gudun da farashi bai iya binsa ba, sai mai riƙe da kuɗin waje ya ci riba. A Turkiyya kuwa, tun daga 2023 farashi ne ya tsere wa faɗuwar lira. Wanda ya gane wannan ya gane rabin zancen.

Yadda Istanbul ta koma haka

A tsakiyar 2021 dalar Amurka ɗaya lira 8 ce da ɗoriya. Farkon 2024 ta kai 30, tsakiyar 2025 ta taɓa 40. Wanda ya ga waɗannan alƙaluma zai ɗauka garin ƙara araha yake yi, alhali ba haka abin yake ba. Hauhawar farashi a lissafin hukuma ta kai kashi 85 cikin 100 a Oktoban 2022, ta ɗan lafa, ta sake haurawa zuwa kashi 75 a Mayun 2024. Bayan zaɓen 2023 Shugaba Erdogan ya naɗa Mehmet Simsek ministan kuɗi, babban banki ya ɗaga kuɗin ruwa daga kashi 8.5 har zuwa 50 a Maris na 2024, aka riƙe lira kada ta ci gaba da sulalewa kamar da. A ɗauki shekarar 2024 kaɗai. Farashi ya tashi da kusan kashi 44, dala kuwa daga lira 29 da rabi ta je 35, wato kashi 20 ko kusa da haka. Abin da baƙo ya saya dala 100 a Janairu, a Disamba sai ya lale kusan 120. Kuma wannan lissafin kayan ƙasa ne gaba ɗaya. Ɓangaren otal da gidajen abinci, inda baƙo ke kashe mafi yawan kuɗinsa, ya fi haka tashi.

Albashi ma ya hau. Mafi ƙarancin albashi a 2021 lira 2,825 ne a wata, a 2025 ya zama lira 22,104. Idan aka juya shi dala, daga ƙasa da 400 ya haura 600. Mai dafa abinci, da mai gyara ɗaki, da yaron da ke kawo shayi, duk albashinsu yana cikin takardar kuɗin da za a miƙo maka. Ba kuma wai sun yi arziki ba ne, su ma hayar gida ta sha musu kai. Ko simit, burodin nan mai zobe da riɗi da ake sayarwa a jajayen kekuna a kowace kusurwa, wanda a 2021 lira 2 ko 3 ne, a 2025 ya kai 15 zuwa 20.

Inda abin ya fi ɗaukar ido shi ne tikitin shiga wuraren tarihi. Ayasofya, wadda aka gama ginawa a matsayin coci a shekarar 537, ta zama masallaci a 1453, aka mayar da ita gidan tarihi a zamanin Ataturk, aka sake buɗe ta masallaci a Yulin 2020, kowa shiga yake yi kyauta har zuwa 15 ga Janairun 2024. Daga ranar aka sa wa baƙi masu yawon buɗe ido yuro 25, kuma bene kawai suke hawa. Wanda ya zo salla yana shiga ƙasa ba tare da tikiti ba, ta wata ƙofa daban. A Maris na shekarar ma'aikatar al'adu ta mayar da farashin wurarenta zuwa yuro ga baƙi: Hasumiyar Galata 30, Pamukkale 30, tsohon birnin Efes 40. Fadar Topkapi, wadda da lira ake biyan ta, ta haura lira 2,000 a 2025. Dabarar a fili take. Tikitin da aka rubuta da yuro, faɗuwar lira ba ta rage masa ko kwabo. Mutum ɗaya da ya shiga Ayasofya da Galata da Topkapi ya kashe sama da yuro 100 kafin ya sha ruwa. Miji da mata da yara manya biyu, a ninka da huɗu. 'Yan ƙasa kuwa suna da katinsu na shekara mai ɗan kuɗi kaɗan.

Masauki shi ma ya ƙuntata. An sa harajin kwana na kashi 2 cikin 100 a Janairun 2023, sannan daga Janairun 2024 doka ta tilasta wa mai ba da hayar gida na ƙasa da kwana 100 ya nemi izini, tare da amincewar dukkan masu gidaje a ginin. Ɗakunan Airbnb, shafin kama hayar gidajen mutane na 'yan kwanaki, da yawa da iyalai ke fakewa a cikinsu sun ɓace daga kasuwa ta haka. Wani abu da ke ba baƙi mamaki: tun 2017 ba a iya kama otal ɗin Turkiyya ta Booking.com daga cikin ƙasar. A kama tun daga waje, kada a ce sai an isa a duba.

Su wa ke zuwa yanzu

Duk da tsadar, mutane ba su daina zuwa ba. Baƙi 'yan ƙasashen waje miliyan 52.6 ne suka shiga Turkiyya a 2024, sama da miliyan 18 daga cikinsu ta Istanbul. Rashawa da Jamusawa ne a kan gaba, kowannensu sama da miliyan 6, sai mutanen Birtaniya. Rashawa sun ƙaru ne bayan 2022, lokacin da Turai ta rufe wa jiragensu sararin samaniyarta, Turkiyya kuwa ta bar ƙofarta a buɗe. A ƙarshen 2023 aka ɗauke wa 'yan Amurka, Kanada, Saudiyya, Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, Bahrain da Oman buƙatar biza. A dubi jerin da kyau, duk ƙasashen masu kuɗi ne. Hukumomi ba sa ɓoye cewa abin da suke so shi ne kowane baƙo ya kashe fiye da yadda ake kashewa a da, kuma kuɗin shigar ya haura dala biliyan 60 a 2024.

Alamar da ta fi kowacce nuna cewa abin ya kai maƙura daga Turkawan ta fito. A Afrilun 2024 Girka ta fara ba su bizar kwana bakwai a bakin tashar jirgin ruwa don shiga tsibirai goma da ke daf da gaɓarsu, irin su Rodos, Kos, Samos da Lesbos. Sai ga Turkawa suna layi don su je ƙasar da ke kashe yuro su ci kifi da araha fiye da garuruwansu na bakin teku irin su Bodrum ko Cesme. A Yulin 2025, tsakiyar kakar baƙi, adadin masu shigowa Turkiyya ya ragu da kusan kashi 5 idan aka kwatanta da Yulin da ya gabata. Wannan yana da amfani ga mai shirin tafiya: otal-otal ba su cika cikowa kamar da ba, kuma mai ɗaki da ya ga gadonsa babu kowa yakan saurari ciniki.

Sai dai akwai abin da masu kukan tsada ke mantawa. Mafi daɗin abin da ke Istanbul ba shi da tikiti. Masallacin Sultanahmet, wanda aka sake buɗewa a 2023 bayan dogon gyara, kyauta ne. Masallacin Sulaimaniya, aikin shahararren magini Mimar Sinan da aka kammala a 1557, kyauta ne, kuma daga farfajiyarsa ta baya ana hango teku da hasumiyoyin gari fiye da yadda yuro 30 na Galata zai nuna maka, a ganina. Eyup Sultan, inda kabarin sahabi Abu Ayyubal Ansari yake, kyauta ne. Haka Camlica, masallaci mafi girma a ƙasar da aka buɗe a 2019. Sannan ga jirgin ruwan gari. Ka ɗora katin sufuri na Istanbulkart a bakin tashar Eminonu da yamma, kuɗin da bai wuce na motar haya ba sosai, ka nemi benci a bayan jirgin. Wani mutum zai zo yana zagayawa da faranti cike da 'yan kofunan shayi masu siririn ƙugu, yara na gutsira simit suna cilla wa tsuntsayen teku, su kuma suna cafkewa a iska. Minti ashirin ka bar Turai ka sauka Asiya, a Kadikoy ko Uskudar. Idan ka dace da magariba, kiran salla zai taso daga gaɓa biyu, wani na kama bakin wani. Masu sayar da yawon Bosforus, mashigin ruwan da ya raba garin biyu, a bakin titi suna karɓar ninkin-ba-ninkin wannan kuɗin don su nuna maka kusan abu ɗaya.

Abinci ma haka. Tsadar tana jibge ne a Sultanahmet da Taksim da bakin Galata, inda ake ajiye wani a ƙofa yana ɗaga maka takardar abinci da harsuna biyar. Ka yi tafiyar minti goma cikin lungu ka nemi abin da suke kira esnaf lokantasi, gidan abincin ma'aikata da 'yan kasuwa, inda ake jera tukwane a bayan gilashi ka nuna wanda kake so. Wake da shinkafa da miyar adas, ka ƙoshi da kuɗin da bai kai rabin na can ba.

Lissafin Alkahira

A farkon 2022 dala ɗaya fam 15 ce da ɗoriya. Aka yi ta karya darajar fam har ya tsaya kusa da 31, sannan ranar 6 ga Maris na 2024 babban banki ya sake shi, ya faɗi zuwa kusan 50 a yini ɗaya. Hakan ya zo ne bayan yarjejeniyar dala biliyan 35 da Daular Larabawa kan yankin Ras al-Hikma, kuma a ranar ne aka sanar da rancen dala biliyan 8 daga asusun ba da lamuni na duniya. Misirawa sun sha wuya, hauhawar farashi ta kai kashi 38 a Satumban 2023. Amma ga baƙo ga yadda lissafin yake: tikitin shiga filin Giza, inda manyan gine-ginen dala na Fir'aunoni suke, fam 200 ne a ƙarshen 2019, kimanin dala 12 ke nan a lokacin. A 2025 ya zama fam 700, ya ninka fiye da sau uku, amma da kuɗin Amurka bai wuce 14 ba. Wurin da babu irinsa a duniya, kuɗin shigarsa bai kai rabin na hawa Hasumiyar Galata ba.

Sabon babban gidan tarihin Masar da ke gefen Giza, wanda aka yi bikin buɗewa ranar 1 ga Nuwamban 2025 bayan shekaru ana ɗagawa, an sa wa baƙi fam 1,450 a lokacin buɗewar, kusan dala 30. A can aka tattara kayan Fir'auna Tutankhamun sama da 5,000 wuri guda. Gawarwakin sarakuna 22 da aka ɗauke daga tsohon gidan tarihin Tahrir a Afrilun 2021, har da ta Ramsis na biyu, suna wani gidan tarihin daban a Fustat, da nasa tikitin. Nan ne tarkon Masar yake: tikiti ɗaya ba shi da tsada, amma kowane abu da nasa. Shiga fili daban, shiga cikin babban ginin dala na Fir'auna Khufu daban, kuma ya fi na filin tsada. A Luxor da ke kudancin Masar, tikitin Kwarin Sarakuna kaburbura uku kawai yake buɗe maka, na Tutankhamun da na Seti na ɗaya sai ka ƙara kuɗi. Ɗalibi mai katin shaida na ƙasa da ƙasa rabin kuɗi yake biya, kada a bar katin a gida. Kuma tun 2023 manyan wuraren sun daina karɓar tsabar kuɗi daga baƙi, sai katin banki. Wanda katinsa ba ya aiki a ƙasar waje zai iya tsayawa a bakin ƙofa da daminsa na fam yana kallon mutane suna wucewa.

Masar ta karɓi baƙi miliyan 15.7 a 2024. Adadin ya haura na 2010, miliyan 14.7, wanda ya daɗe shi ne mafi yawa, kafin juyin juya halin 2011 da faɗuwar jirgin Rasha a Sinai a Oktoban 2015 su durƙusar da harkar har ta koma kusan miliyan 5 a 2016. Wato duk da farfaɗowar, a 2024 ba ta kai kashi ɗaya bisa uku na baƙin Turkiyya ba, kuma da yawansu bakin Bahar Maliya suke wucewa, Hurghada da Sharm al-Shaikh. Gwamnati na burin miliyan 30, tana kuma cewa ɗakunan otal ba su isa ba. Saboda haka arahar Alkahira ba ta shafi manyan otal-otal na bakin Nilu ba, waɗanda da dala suke yi wa baƙo farashi. Arahar tana cikin matsakaitan masaukai na tsakiyar gari da na gefen Giza, da mota, da abinci. Kwanon kushari, wato shinkafa da taliya da adas da soyayyar albasa, ko ful da ta'amiyya da safe, kuɗinsu bai taka kara ya karya ba. A gidajen abinci masu tebur da farin ƙyalle kuwa a lura, ana ƙara kuɗin hidima wajen kashi 12 da harajin kashi 14 a kan abin da aka rubuta.

To amma araha ba ta ado. Abin da ba ka biya da kuɗi a Alkahira ba, za ka biya shi da haƙuri. A Giza wani zai tare ka da fara'a, "ya basha, daga ina?", kafin ka amsa ya ɗora maka rawani a ka ya ce kyauta ce. Mai raƙumi zai ce hau a yi maka hoto kawai. Da raƙumin ya miƙe, kana can sama riƙe da sirdi, sai a fara maganar kuɗi, kuma ba za a durƙusar da shi ba sai an daidaita. Mai gadin kabari zai haska maka wani lungu da fitilar wayarsa, ya tsaya yana murza yatsu. Bakshish, wato 'yar kyautar kuɗin da ake jira daga baƙo, a can ba zamba ba ce, hanyar cin abincin mutane da yawa ce, amma ga wanda bai saba ba, yini guda na "la, shukran" yana gajiyarwa fiye da tafiyar ƙasa. A Afrilun 2025 aka fara sabon tsari a filin: an mayar da ƙofar shiga kan hanyar Fayyum, an hana ƙananan motoci shiga, bas-bas ne ke zagayawa da baƙi, an ware wa masu raƙuma da dawakai wurinsu. Abin ya rage damuwar, bai kawar da ita ba. Maganinta ɗaya ne, a gama ciniki tun ana ƙasa: nawa ne, da fam ne ko da dala, na mutum ɗaya ne ko na kowa, kuma minti nawa.

Zirga-zirga kuwa Istanbul ta yi wa Alkahira fintinkau. Kati ɗaya ne ke shigar da kai jirgin ƙasa na ƙarƙashin ƙasa, da taragon da ke ratsa Sultanahmet, da bas, da jirgin ruwa, da Marmaray mai bi ta ƙarƙashin teku tun 2013. Har filin jirgin sama, mai nisan kusan kilomita 40, layin dogo ya kai. Tasi ce kawai abin gudu a can, ba su isa ba kuma ƙorafi a kansu ya yi yawa. A Alkahira akasin haka ne. Uber da Careem suna da araha ƙwarai, amma cunkoson hanya zai iya cinye maka awa guda tsakanin wuri biyu da suke kusa a taswira, kuma layin dogon garin bai kai filin Giza ba tukuna. Tsallaka titi a tsakiyar gari sai da dabara, gara ka raɓi ɗan gari ka bi sawunsa. Mata suna da taragonsu na musamman a jirgin ƙasan Alkahira. Istanbul kuma nata cikas ɗin tuddai ne da hanyoyin dutse, wanda zai tafi da dattijo ko mai ciwon gwiwa ya sa wannan a lissafi.

Ga mai neman tarihin Musulunci

A nan ra'ayina ya karkata, kuma ba zan ɓoye ba: Alkahira ta fi zurfi. Ban da Ayasofya, manyan masallatan Istanbul duk bayan 1453 aka gina su, salonsu kusan ɗaya ne, babbar ƙubba da siraran hasumiyoyi, a tsaftace, a gyare. Alkahira kuwa zamani kan zamani ne. Masallacin Amru bin Asi a Fustat, na farko a Masar, an kafa shi wajen 642. Na Ibn Tulun an gama shi a 879, yana nan da faffaɗan tsakar gidansa da hasumiyarsa mai matakala ta waje, kuma sau da yawa za ka same shi kusan babu kowa. Azhar an fara sallar Juma'a a cikinsa a 972. Ga kabarin Imam Shafi'i, ga ganuwar Salahuddin, ga makarantar Sultan Hasan ta zamanin Mamluk, wadda tsayin bangonta ke sa mutum ya ji ƙanƙantarsa. Titin Mu'izz kaɗai, daga Babul Futuh zuwa Bab Zuwaila, tafiyar kilomita ɗaya ce da za ta iya cinye maka yini. Sai dai ƙura da hayaniya da gine-ginen da suka tsufa ba gyara suna nan a kowane gefe. Wanda ya yi karatun Larabci zai ji daɗin garin sosai, ko da yake Larabcin titi ya bambanta da na littafi. A Istanbul idan ka bar unguwannin baƙi da unguwar Fatih, sai nuni da hannu.

Abu ɗaya Istanbul ke da shi da ya isa ya sa wani ya biya tsadar Topkapi ba tare da ciniki ba: ɗakin amanoni masu alfarma, inda aka ajiye mayafi da takubba da sauran kayan da ake dangantawa da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da sahabbansa, ana karatun Alƙur'ani a wurin ba yankewa. Da yawa daga cikin kayan Sultan Salim na ɗaya ne ya kai su can bayan ya ci Masar da yaƙi a 1517.

Wa ya kamata ya je ina

Iyali mai yara ƙanana, ko wanda tafiyarsa ta farko ke nan zuwa wata ƙasa, ko mai son ya huta da gaske ba ya yi ta jayayya ba, Istanbul ta fi masa ko da tsadarta. Sai dai ya canza salon tafiyar. Ya zaɓi wuri ɗaya ko biyu masu tikiti, sauran kwanakin ya ba masallatai da jirgin ruwa da kasuwanni, ya kama masauki a Uskudar ko Kadikoy ko cikin Fatih nesa kaɗan da Sultanahmet. Mai ƙaramin guzuri da ƙarfin jiki, ɗalibi, mai jin Larabci, da wanda burinsa ya ga abin da ya karanta a littattafan tarihi, Alkahira zai dosa, kuɗin mako guda a Istanbul zai iya kai shi kwanaki da yawa fiye da haka a can. Amma idan ya ƙara Luxor da Aswan da Abu Simbel, tazarar za ta ragu sosai, domin jirgin ƙasa mai gado da dala ake biyansa ga baƙi, jiragen ruwan Nilu ma haka. Daidai da yadda ƙara Kapadokiya da hawan balan-balan ke ninka kasafin Turkiyya. Mai son fita daga Istanbul da kuɗi kaɗan ya je Bursa, tsohuwar hedikwatar Usmaniyawa, ta jirgin ruwa da bas.

Mai haɗa hutu da saro kaya shi ne ya fi kowa buƙatar sabon lissafi. Unguwannin sarin tufafi na Istanbul, Laleli da Merter da Osmanbey, suna nan, ingancin ɗinkin Turkiyya bai ragu ba, amma tsadar ƙwadago da ta taɓa otal ta taɓa masaƙu ma, kuma dillalan can da dala suke magana. Farashin da wani ya faɗa maka na 2021 ka jefar da shi. Khan al-Khalili ta Alkahira kuwa kasuwar tsaraba ce, fitilu da turare da azurfa, ba wurin sari ba.

Lokaci ma yana sauya komai. Istanbul ta fi daɗi a Afrilu da Mayu, da kuma Satumba da Oktoba, ta fi araha daga Nuwamba zuwa Maris, lokacin sanyi da ruwan sama, wani sa'in har da dusar ƙanƙara. Masar kakarta daga Oktoba ce zuwa Afrilu, ƙarshen Disamba ya fi tsada. Daga Yuni zuwa Agusta farashi na sauka, amma zafin Luxor kan wuce digiri 40. Wato watan da ɗayar ke araha, ɗayar na kan ganiyarta: mai hutu a Janairu zai samu Istanbul a sauƙaƙe Alkahira a cike, mai hutu a Yuli kuma akasin haka. Maganar biza ta danganta da fasfon da mutum ke riƙe da shi, dokokin kuma suna yawan sauyawa a ƙasashen biyu, don haka a tabbatar daga ofishin jakadanci kafin a sayi tikitin jirgi.

Akwai kuma hanyar da ba sai an zaɓi ɗaya an bar ɗaya ba. Turkish Airlines yana da shirin yawon gari kyauta ga fasinjan da zai jira jirgi na awa 6 zuwa 24 a Istanbul, da wani shirin na kwana a otal kyauta ga masu jiran sama da awa 20 daga wasu ƙasashe. Wanda ya yanki tikitin Alkahira ta Istanbul zai iya yin salla a Sulaimaniya, ya tsallaka zuwa Uskudar, ya wuce washegari, muddin fasfonsa ya ba shi damar fita daga filin jirgin. Ya dai duba ranar: Topkapi a rufe take ran Talata, babbar kasuwar Kapalicarsi kuma ba ta ci ran Lahadi.